Yadda ake buga DOOM na asali a PlayStation, Xbox da Switch, daga saye zuwa gama babin farko

Tambaya biyu ce ta fi yawa daga masu karatu game da wannan gem. Wasu suna son sanin wanne za su saya, domin sun shiga kantin intanet sun tarar da DOOM kala-kala. Wasu kuma sun riga sun saya, amma kukansu ɗaya ne: ba sa iya wuce fage na uku ko na huɗu ba tare da an kashe su ba. Zan bi abin daki-daki, kuma tun yanzu ka riƙe wannan: DOOM ba ya son mai tsayawa wuri ɗaya. Duk saitin da za mu yi da dabarun da za mu koya, hidimar wannan magana suke yi.

1. Sayi wanda ya dace

Abin da za ka nema shi ne wanda aka rubuta DOOM + DOOM II. Ya fito a watan Agustan 2024, kuma akwai shi a PS4, PS5, Xbox One, Xbox Series da Nintendo Switch. Farashinsa a kantin Amurka kusan dala 10 ne. A cikinsa akwai DOOM na 1993 da babobinsa huɗu, da DOOM II, da TNT: Evilution, da The Plutonia Experiment, da Master Levels, da No Rest for the Living, da Sigil, da sabon babi mai suna Legacy of Rust. Idan ka taɓa sayen tsohon DOOM ko DOOM II a wannan asusun, duba ɗakin ajiyarka kafin ka biya, domin kyauta aka ba masu tsohon.

Hattara a nan: DOOM na 2016, da DOOM Eternal, da DOOM: The Dark Ages wasanni ne daban, masu tsada da cin data mai yawa. DOOM 64 ma daban ake sayar da shi. Karanta sunan sau biyu kafin ka danna.

Yawancinmu da asusun Amurka ko na Ingila muke aiki, da katin kuɗin gem muke biya. Katin yana bin ƙasar asusu ne. Katin Ingila ba zai shiga asusun Amurka ba, kuma da wuya mai sayarwa ya karɓi katin da ya riga ya tura maka lambarsa. Tabbatar da ƙasar asusunka tukuna. Bayan ka sauke, wasan mutum ɗaya ba ya buƙatar ka ci gaba da ƙona data. Buga da mutane ta intanet ne ke neman biyan kuɗin wata na na'urarka.

Magana ɗaya ga iyaye da yayye. Gem ne na yaƙi da aljanu, akwai jini, akwai hotuna da alamomin shaiɗanci a bangwaye, musamman a babi na biyu da na uku. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sanya shi a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama. Tsufansa bai mai da shi na yara ba, kada a miƙa wa ƙaramin yaro hannun gem a tafi.

2. Gyara saiti kafin ka harba harsashi ko ɗaya

Shiga saiti ka kunna gudu na dindindin, wato wanda aka rubuta Always Run. Wannan shi ne gyara mafi muhimmanci. Idan ba ka kunna shi ba sai ka riƙa danne maɓallin gudu da yatsa ɗaya tsawon wasan, kuma da zarar rikici ya ɓarke za ka manta.

Sai saurin juyawa na analog ɗin dama, wato ɗan sandar da ake turawa da babban yatsa a hannun gem. Tsaya a ɗakin farko ka gwada. Abin da ake so shi ne ka iya juyowa baya cak da sauri ba tare da ka zarce ba. Idan kana zarcewa ka rage, idan kana jin kamar ana riƙe ka ka ƙara. Da R2 ake harbi a PlayStation, RT a Xbox, ZR a Switch. Duba jerin maɓallai ka haddace guda uku: na buɗe ƙofa, na sauya makami, na taswira.

Idan talabijin ɗinka tana da saitin gem, kunna shi, domin yana rage jinkirin da ke tsakanin dannawarka da abin da kake gani. Ƙara haske kaɗan kawai. Duhun wasu ɗakuna da gangan aka yi shi. Kiɗa kana iya rage shi ko ka kashe gaba ɗaya, amma kada ka taɓa sautin wasan kansa. Gurnanin dodo da ƙarar ƙofar da ta buɗe a bayanka su ne gargaɗinka.

Wanda ya saba da wasannin harbi na zamani zai nemi maɓallin tsalle da na ɗaga kai. Babu su. Ba a tsalle, ba a duban sama ko ƙasa. Idan dodo yana kan bene ko cikin rami, daidaita bakin bindiga da shi ta hagu da dama kawai, gem ɗin da kansa zai ɗaga harbin ko ya sauke shi. Ba a kuma ɗura harsashi, muddin akwai shi bindiga za ta ci gaba da tashi.

3. Zaɓi matakin wahala

A tsarin asali guda biyar ne. A na farko, I'm Too Young To Die, rabin rauni kake ji kuma harsashin da ka tsinta ninki biyu ne. Na biyu yana da dodanni iri ɗaya da na farko amma babu wannan rangwame. Na uku, Hurt Me Plenty, shi ne tsaka-tsaki, kuma shi nake ba sabon shiga shawara. Ultra-Violence yana cika fage da dodanni, ka bar shi sai zagaye na biyu. Nightmare kuwa dodanni suna da sauri kuma wanda ka kashe yana sake tashi, ba wurin koyo ba ne ko kaɗan.

Daga nan zaɓi DOOM, sannan babin farko, Knee-Deep in the Dead. Kada ka fara da DOOM II don ka ji an ce ya fi makamai.

4. Koyi tafiya a fagen farko

Fagen farko sunansa Hangar. Gajere ne, mai sauri yana iya gama shi cikin ƙasa da minti ɗaya, amma kai kada ka yi gaggawa, nan ne makarantarka.

Kana farawa da lafiya 100, ƙaramar bindiga da harsashi 50. Kafin ka nufi ƙofa, juya hagu. Akwai ɗaki mai matakala, a samansa akwai koren sulke. Ɗauka. Ta tagar ɗakin farko za ka hango fili a waje mai tafkin koren ruwa, da shuɗin sulke a tsakiyarsa. Riƙe shi a ranka, za mu dawo kansa.

Bayan ɗakin kwamfutoci za ka shiga babban ɗaki mai hanya lanƙwasa-lanƙwasa, koren ruwa a gefe da gefe. Ruwan nan guba ne, yana cin lafiya muddin kana tsaye a ciki. A nan za ka gamu da Imp, dodo mai launin ƙasa da ƙayoyi a jiki, mai jifa da dunƙulen wuta. Kada ka kashe shi nan take. Tsaya nesa, ka bari ya jefo, ka tura analog ɗin hagu gefe guda ba tare da ka juya fuskarka ba. Wutar za ta wuce. Sake yi ta ɗaya gefen. Maimaita har sai hannunka ya daina jiran umarnin kanka.

Idan wannan ya zauna, haɗa analog biyu: na hagu yana kai ka gefe, na dama yana juya ka a hankali zuwa ɗaya ɓangaren don dodon ya ci gaba da zama a tsakiyar allo. Za ka ga kana zagaye shi kamar mai sussuka yana zagaye turmi, kana harbi shi kuma yana jifar inda ka baro. Da wannan zagaye ake cin kusan kowane babban dodo a gem ɗin.

Kuskuren da ya fi kashe sababbi shi ne ja da baya a miƙe. Wutar tana bin layin da kake, kuma ba ka ganin abin da ke bayanka, sai ka ji ka jingina da bango ko ka faɗa guba. Kauce gefe.

A ƙarshen hanyar mai lanƙwasa, kafin ɗakin fita, duba bango da kyau. Akwai wani yanki da launinsa ya saɓa da na kusa da shi. Matsa jikinsa ka danna maɓallin buɗe ƙofa. Hanyar da za ta buɗe ita ce ke kai ka ga shuɗin sulken nan. Haka sirrin DOOM yake a ko'ina: bangon da zanensa bai daidaita ba, fitilar da ta bambanta, ko ƙarar wani abu da ya sauka a nesa bayan ka taka wani wuri.

5. San wanda za ka fara kashewa

Maƙiya iri biyu ne, kuma fahimtar wannan ta fi kowane makami amfani. Akwai masu jifa da abin da ido ke gani, kamar Imp, da Cacodemon, jan ƙwallo mai ido ɗaya da ke shawagi, da Baron of Hell mai jifa da koriyar wuta. Waɗannan ana kauce musu. Akwai kuma masu bindiga, wato sojojin da aljanu suka shiga jikinsu. Harsashinsu ba ya tafiya a iska, da an harba ya iso. Ba a kauce masa, sai dai a fake ko a riga mai shi.

Saboda haka idan ka shiga ɗaki, fara da masu bindiga ko da su ne ƙanana. Mai baƙar riga da sanƙo, mai riƙe da shotgan, ya fi Imp uku haɗari idan yana kusa. Amfaninsa shi ne idan ya faɗi yana barin bindigarsa.

Pinky, mai launin hoda da ƙaton baki, cizo kawai ya iya. Kada ka bari ya matse ka a lungu. Yana da ɗan'uwa, Spectre, wanda jikinsa kamar inuwa mai rawa yake, a ɗaki mai duhu kunnenka ne zai fara gano shi.

Gangunan da ke cike da koren ruwa suna fashewa. Harbe su idan dodanni na kusa da su, kuma kada ka fake a bayansu.

Akwai dabarar da ke ceton harsashi sosai. Idan harbin wani dodo ya sami dodo na wani jinsi, sai su juya kan juna. Ratsa tsakaninsu da gudu, ka sa mai jifa ya sami na gabansa, ka koma gefe ka jira wanda ya rage. Imp ba ya raunata Imp da wutarsa, Baron ma haka da ɗan'uwansa, sai an haɗa jinsi biyu. Sojoji masu bindiga kuwa har junansu suna kashewa.

6. Ba kowane makami aikinsa

Shotgan ita ce abokiyar tafiyarka. Daga kusa, harbi ɗaya yakan kayar da Imp, biyu ko uku su kayar da Pinky. Daga nesa harsashinta yana warwatsewa, asara ce. Bindiga mai jigida tana cin harsashi iri ɗaya da ƙaramar bindiga, kuma tana da kyau kan taron sojoji da kan Cacodemon, domin ruwan harsashin yana hana shi sukunin jifa. Zarto mai inji, wanda ke ɓoye a fage na biyu, Nuclear Plant, ba ya cin komai, kuma a ƙofa ko siririn lungu yana gamawa da Pinky ɗaya bayan ɗaya.

Roka ta manya ce da taro. Gargaɗi: fashewarta tana cin mai harbawa. Kada ka harba ta a ƙaramin ɗaki, ko lokacin da Lost Soul, ƙoƙon kan nan mai ci da wuta, yake rugowa kanka. Zai tare rokar a gaban fuskarka.

Bindigar plasma da BFG9000, ƙatuwar bindiga mai harba koren dunƙule, batir iri ɗaya suke sha, kuma BFG tana shan 40 a harbi guda. Yawancin ɓarnarta ba a koren dunƙulen take ba. Lokacin da dunƙulen ya fashe, wani rauni marar ganuwa yana fita daga jikinka zuwa ɓangaren da ka harba. Don haka matsa kusa, kuma kada ka shige bayan bango kafin ya fashe.

Iyakar abin da za ka ɗauka shi ne harsashi 200, na shotgan 50, roka 50, batir 300. Jakar goyo tana ninka duka.

7. Kada ka kwashe duk abin da ka gani

Ƙaramin akwatin magani yana ƙara 10, babba 25, kuma ba sa wuce 100. Idan lafiyarka 95 ce ka taka babba, ka zubar da 20. Zagaye shi, ka tuna inda yake, ka dawo bayan faɗa. Ƙananan shuɗayen kwalabe ɗaya-ɗaya suke ƙarawa amma suna haurawa har 200, su kam kwashe. Shuɗin ƙwallo mai fuska yana ƙara 100.

Koren sulke 100 ne, yana tare kashi ɗaya cikin uku na rauni. Shuɗi 200 ne, yana tare rabi. Idan shuɗinka ya sauka zuwa 90 ka taka kore, lambar za ta koma 100 amma kariyar ta ragu zuwa ta kore. Bari ya ƙara sauka tukuna.

Rigar kariya daga guba daƙiƙa 60 take yi, ƙwallon da ke hana jin rauni kuma 30. Kada ka ɗauke su sai ka san inda za ka da su. Idan allo ya fara ƙyaftawa, lokaci ya kusa ƙarewa, fita daga ruwan. Baƙin akwatin Berserk yana mayar da lafiya 100 kuma naushinka ya ninku sau goma har ƙarshen fagen, ko bayan jan launin ya washe. Ƙwallon ɓacewa kuwa yana da amfani a gaban masu bindiga, amma a gaban masu jifa matsala ne, domin jifarsu tana karkacewa, sai ka kauce ka faɗa cikinta.

8. Makullai, taswira da tarko

Yawancin fagage tsarinsu ɗaya: nemo makulli shuɗi, rawaya ko ja, buɗe ƙofar da ke da launinsa a gefenta, kai ga ɗakin da aka rubuta EXIT. Idan ka ɓace, buɗe taswira ka nemi ɓangaren da layinsa bai rufe ba. Ka sani wasan bai tsaya ba yayin da kake kallon taswira, ana iya cizonka.

Duk lokacin da ka ga makulli ko sabon makami a ajiye a fili, shiru babu mai gadi, tarko ne. Da ka ɗauka bango zai buɗe, sau da yawa a bayanka, wani lokaci fitilu su mutu. Kafin ka taɓa shi, riƙe shotgan, ka san ta inda za ka fita, sannan ka ɗauka kana cikin tafiya.

Idan ka danna makunni ba ka ga abin da ya faru ba, saurara. Ƙarar za ta nuna maka ɓangaren. Wasu ƙofofin na ɗan lokaci ne, sai da gudu.

9. Adana wasa da tsari

A tsarin wasan na asali, wanda ya mutu bai adana ba yana sake fagen ne da ƙaramar bindiga da harsashi 50, duk makamansa sun tafi. Ga kuma ɗauke wuta da ba ta sallama. Yi amfani da gurbi biyu: ɗaya a farkon kowane fage, kada ka taɓa shi sai ka shiga na gaba, ɗaya kuma kana sabunta shi bayan kowane makulli. Kada ka adana a tsakiyar faɗa ko da lafiya 10 a kan gurbinka tilo, za ka ɗaure kanka a inda ba fita.

Allon ƙarshen fage yana nuna kason dodannin da ka kashe, kayan da ka tsinta da sirrin da ka gano. Ba sharaɗi ba ne ka cika ɗari. A fage na uku, Toxin Refinery, akwai ɓoyayyiyar mafita da ke kai wa fage na tara, Military Base, idan kana son ƙari.

10. Fage na takwas

Phobos Anomaly shi ne ƙarshen babin. Kwashe kayan da ke farkon fagen, ka adana. A ɗaki mai siffar tauraro Baron biyu za su fito, kowanne da lafiya 1000. Roka kamar biyar takan isa ɗaya, da shotgan kuwa sai wajen harbi 15. Ba su tazara, ka zagaye su, ka sa ido kan Spectre da ke iya tare maka hanya. Koriyar wutarsu tana da zafi amma a miƙe take tafiya, irin kaucewar da ka koya a gaban Imp ita ce dai.

Idan sun faɗi bangon zai sauka. Fita fili ka hau dandalin da zai ɗauke ka. Za ka tsinci kanka a duhu ana dukanka ta ko'ina. Kada ka loda ajiyarka, haka aka tsara ƙarshen babin. Babi na biyu da ƙaramar bindiga kowa yake fara shi.

11. Idan kuna da hannun gem biyu ko fiye

Ana raba allo har mutum huɗu a talabijin ɗaya, ko ku haɗu kan dodanni ko ku fafata da juna. A tsarin asali harbin abokinka yana cin ka, don haka mai roka shi ne a gaba, kuma ku yi magana kafin wani ya ɗauki makulli.

12. Abin da za ka bi da shi

Gama babi na biyu da na uku. A ƙarshen na biyu Cyberdemon yake, mai lafiya 4000 da ruwan roka. Fashewar roka a kusa da shi ba ta yi masa komai, sai wadda ta same shi a jiki, kuma ginshiƙan filin suna iya zame maka haɗari idan rokarsa ta fashe a jikinsu kana kusa. Daga nan wuce DOOM II, ka tsallake babi na huɗu, Thy Flesh Consumed, domin fagagensa biyu na farko sun fi duk abin da ka gani tsanani. A DOOM II, juya baya a farkon fagen farko ka ɗauki zarto, a fage na biyu kuma za ka sami bindiga mai baki biyu, mai cin harsashi biyu a harbi ɗaya. A can za ka haɗu da soja mai jigida, shi ne na farkon kashewa a kowane ɗaki, da Arch-vile mai tayar da matattun dodanni, wanda ake tsira daga wutarsa ta hanyar shiga bayan bango ya daina ganinka. Bayan DOOM II sai No Rest for the Living, sai ka dawo babi na huɗu, sai TNT da Sigil. Plutonia da Legacy of Rust ka ajiye su sai ka iya gama babin farko a Ultra-Violence.